Fuskar da Na Ara a Dingaya

Ni mai zane ne, ko in ce na taɓa zama. A shekarun da aka bar sule da fam aka koma naira, ina aiki a wani ofishin wayar da kan jama'a a Birnin Kudu. Ɗaki biyu ne ofishin, da tafireta ɗaya, da mota mai lasifika a kanta. Aikinmu mu bi kasuwanni mu gaya wa mutane abin da gwamnati take so su ji: a tace ruwan sha saboda kurkunu, a kawo yara a yi musu lamba, a daina cinna wa daji wuta. Ni ne mai zana fosta, wato babbar takardar nan mai hoto da ake mannawa a bango, kuma ni ne mai karɓar makirfo idan muryar maigidanmu na ofis ta dushe. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ga wando mai faɗin ƙafa, ga biro uku a aljihun gaba. Ina jin daga Birnin Kudu har Gwaram babu wanda ya kai ni wayewa. Tir da ƙuruciya.

Mahaifina ya rasu ina ƙaramin yaro a Kangire. Yana da amini a Dingaya, can ƙasar Gwaram, masassaƙi, wanda suka haɗu a wurin cin rani tun suna samari. Baba nake ce masa. Duk kaka sai ya aiko wa Inna da dawa a kan jaki, har na gama makaranta, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tayar da maganar ba. Dogo ne, bahago, kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama tudu saboda shekarun da ya yi yana ɗaga gatari. Yana da tabo daga gefen ido har kunne, inda ice ya taɓa yankarsa, da ɗan gemu a haɓa kawai, da jar dara koɗaɗɗiya wadda yake karkatawa gefe. Ko daga nesa ka hango shi a kasuwar Gwaram, tsakanin turame da taɓare da akusa, ka san shi ne.

Duk sanda rangadi ya kai mu wajen, a gidansa nake sauka. Wata rana da hantsi ina zaune gindin tsamiyar ƙofar gidansa, yana faskara wani guntun kirya, sai na ciro littafina na shiga zana shi. Na zana shi yana ɗaga gatari, na zana shi a duƙe da gizago, na zana fuskarsa kusa-kusa. Da na nuna masa, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe haka yake da muni, matarsa ta rufa masa asiri shekara talatin. Ya shiga da littafin cikin gida ya nuna, ya dawo mini da shi da tabon miya a gefe. A ranar ne ya gaya mini yadda yake aikinsa. Ba ya faɗa wa itace mai rai haka kawai. Wanda iska ta kayar yake nema, ko wanda ya fara mutuwa daga sama, kuma kirya ɗaya takan ishe shi rani guda. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban sani ba. Na sani sarai.

Sai aka shiga fari. Damina biyu ruwa yana yi wa mutane wasa, gero ya fito ya ƙone a tsaye, makiyaya suna sayar da saniya a kuɗin tunkiya. Daga Kano aka aiko da umarni a tashi gangamin dashen itatuwa, kuma kowane ofis ya aika da zanen fosta, wadda ta fi a buga ta a raba ko'ina. Maigidanmu mutum ne mai son a san da shi a Kano, don haka ya sa ni gaba. Ya ce a raba takardar biyu. A dama mutumin kirki yana dasa itace, gonarsa kore shar. A hagu mugu yana sara, bayansa ƙasa ta bushe.

Mutumin kirkin bai ba ni wahala ba. Daga wata kalandar tallar sabulu na kwafo shi, wani mai murmushi wanda ba ɗan kowa ba ne a ƙasarmu. Mugun ne ya gagare ni. Sau huɗu ina zanawa maigida yana wurgo mini takardar. Ya ce wannan ai ba mutum ba ne, buhun gyaɗa ne aka ɗora wa hula. Ya ce yana son wanda za a kalla a ji kamar an san shi, a ji haushinsa. Gaskiyar magana, ban iya ƙirƙiro fuska daga kaina ba, sai wadda na gani da idona. Na koma masauki raina a ɓace, na buɗe tsohon littafina, sai ga Baba da gatari a sama, kamar don wannan aikin aka zana shi.

Na ce a raina ai hoto ne kawai. A makaranta an koya mana cewa mutumin cikin zane ba kowa ba ne, misali ne. Na kwafe shi tsaf, da tabon, da gemun, da darar, da gatarin a hannun hagu. Dariyar kaɗai na cire. Na haɗe masa gira, na sa idonsa ya yi ja, na ajiye masa ɗanyen itace mai ganye a gaba maimakon guntun kirya. A bayansa na zana busasshiyar rijiya, da mushen saniya, da mace riƙe da ƙwarya wayam. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe cewa mai sare itace shi ke korar ruwa. Maigida ya duba ya ce yauwa, yanzu na yi aiki. Ya tsoma buroshi a jan fenti da hannunsa, ya ja layi biyu a gicciye a kan mutumin, daga kusurwa zuwa kusurwa, wai haka ake yi a birni.

Tamu ce ta ci. Ranar da ɗaurin fostocin ya iso daga Kano, yana ƙamshin sabon tawada, kaina ya kumbura har hula ta kusa ƙin shiga. Muka dama gam a bokiti muka bi gari gari. Bangon makaranta, ɗakin shan magani, ƙofar dagaci, tashar mota, babu inda muka bari. Ranar kasuwar Gwaram muka manna a rumfunan mahauta da jikin wata kuka da ke tsakiyar kasuwa, na haye bayan mota da makirfo na shiga zuba. Na ce jama'a ku dubi wannan mutumin. Na ce irinsa ne suka hana gonakinku ruwa, irinsa ne suka kashe muku shanu. Ina jin daɗin muryata tana dukan bango tana dawowa.

Mutane suka yi cincirindo a gindin kukar, har suka fi yadda muka saba gani. Maigida yana ta gyaɗa kai. Ina sauka don in sha ruwa sai na ji wata tsohuwa mai sayar da daddawa tana ce wa maƙwabciyarta, innalillahi, ai masassaƙin Dingaya ne. Kafin in haɗiye ruwan, maganar ta zaga kasuwa. Na waiga wajen rumfar masassaƙa, ban hango jar dara ba, ashe ranar bai zo ba. Abin da na ji a lokacin, Allah ya yafe mini, sauƙi ne.

Abin da mu 'yan boko ba mu yi tunani ba shi ne wannan. Yawancin mutanen da muke yi wa fostar ba sa karanta rubutun da ke ƙasanta. Fuska suke karantawa. Hotunan da suka sani a duniya na shugabanni ne, sai na waɗanda hukuma take nema. A wurinsu babu wani abu wai shi misali. In ka ga an buga fuskar mutum a takardar gwamnati, to shi ake nufi, in kuma an soke ta da ja, to hukuma ta gama bincike ta same shi da laifi. Laifin kuwa ga shi lasifika ta faɗa musu da rana tsaka, a shekarar da kowa yake neman wanda zai ɗora wa alhakin yunwarsa.

Direban motarmu ɗan wajen Gwaram ne, shi ya riƙa kawo mini labari, bai san yana yanka ni ba. Malamin daji ya je gidan Baba ya ƙwace gatari da gizago, ya ce ga shaida nan a takarda. Mata suka daina sayen turminsa, wata ma ta mayar da wanda ta saya, wai ba za ta daka hatsi a turmin wanda ya kori ruwa ba. Dillalin da ke kai masa kaya Birnin Kudu ya janye jiki. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ranar roƙon ruwa. Gari ya fita bayan gari, aka yi sahu, Baba ya tsaya a inda ya saba tsayawa, sai na damansa ya matsa, na hagunsa ma ya matsa. Haka ya yi sallar shi kaɗai a tsakiyar sahu. Alhali motocin da ke lodin ɗanyen ice suna kai wa gidajen burodi a Kano kullum ta gaban ofishinmu suke wucewa, babu wanda ya zana fuskar mai su.

Bayan kamar mako uku, ina kan tebur da safe, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Baba ne, da ƙura har gwiwa, ya rame. Maigida ba ya nan. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi kujera, ya ƙi, ya zauna a ƙasa kamar wanda ya zo gaban alƙali. Ya tambayi lafiyar Inna tukuna. Sannan ya ciro takarda a ninke daga aljihun taguwarsa ya shimfiɗa a tsakaninmu, yana lallashe ta da tafin hannu.

Ya ce, "Ɗana, wannan ni ne ko ba ni ba ne?"

Na ce, "Baba, ya yi kama da kai."

"Wa ya yi shi?"

A kusurwar takardar akwai sunana, na rubuta shi da ƙananan baƙaƙe don a san aikina ne. Babban yatsansa yana kai daidai, yana danne takardar kada iska ta ɗaga ta. Na dubi yatsan, na ce, "Daga Kano aka aiko mana, Baba. Mu mannawa kawai muke yi."

Ya ɗago ya dube ni. Sai ya ce to, tunda daga Kano ne, yana so in rubuta masa takarda zuwa can, don ni kaɗai ya sani mai hannun rubuta wa hukuma. Na sa takarda a tafireta, yana faɗa ina bugawa. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Ya ce a rubuta cewa bai taɓa kwana da haraji ba, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, ko a matsayin shaida. Ya ce in yana da laifi a kira shi a gaya masa a gaban mutane, zai karɓi hukunci. In kuma ba shi da shi, yana roƙon arziki a cire fuskarsa daga bango, don yana da 'ya'ya da jikoki masu shiga kasuwa. Na yi ta kuskuren baƙi. Ya dangwala yatsa a ƙasan takardar, ya yi mini godiya, ya sa mini albarka. Na miƙa masa kuɗin mota ya ƙi karɓa.

Takardar nan ba ta je Kano ba. In ta je, za a tambayi ofishinmu, ofishinmu kuma zai tambaye ni. Na sa ta a ƙasan akwatina, ƙarƙashin kayan sallah. Na fita na yage fosta biyu a tashar mota, na dawo ina jin kamar na yi wani abin kirki. Wata biyu bayan haka aka kira ni Kano, manya suka ba ni hannu, aka ƙara mini girma, aka ba ni babur sabo fil saboda zanen da ya fi kowane tasiri. Na karɓa da hannu biyu, har da murmushi a hoto. Rangadin Gwaram kuwa na riƙa ƙirƙiro ciwon ciki duk ranar da ya zagayo.

Da babur ɗin na je Kangire don Inna ta sa albarka. Yaran unguwa suka biyo ni da gudu, maƙwabta suka fito. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta tashi ba. Ashe tun ranar da aka manna fostar a bangon makarantar garin ta gani, ta gane mutumin, ta kuma gane hannun, don tun ina yaro nake ɓata mata bango da gawayi. Ta bari mutane suka watse. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni ba. Ta ce, "Naman da ke jikinka, dawar mutumin nan ce." Ta ci gaba da tankaɗenta. Ta ce kada in sake shigo mata gida da wannan ƙarfen sai na je Dingaya.

Duk da haka sai da na ja ƙafa har damina ta dawo, ruwa ya sauka, mutane suka samu abin sawa a baki. Na yi zaton ruwan zai wanke maganar. Da na isa Dingaya na tarar da Baba a gindin tsamiya yana tufka igiya. Babu turmi ko ɗaya a ƙofar gidan, babu ɓawon ice a ƙasa. An mayar masa da kayan aikinsa tuni, amma masu saye ba su dawo ba, ruwan ma cewa aka yi ya sauka ne don an hana shi sara. Aka kawo mini fura, na kasa sha. Na durƙusa na faɗa masa komai, daga littafin har takardar da ke ƙasan akwati. Ina magana ina kuka kamar ƙaramin yaro, kuma ko kukan ina jin kunyarsa, don na san so nake ya tausaya mini.

Bai daina tufkar ba. Ya ce tun ranar da aka kawo masa fostar ya sani, ai mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa zama ya zana shi. Ya ce ya taka har Birnin Kudu ne don ya ji daga bakina, da bai ji ba ya sa ni rubuta takardar ko zan tuna Allah a tsakiyar rubutun. Mutanen gari sun sha tambayarsa ko ba yaron nan da ke sauka a gidansa ne ya zana shi ba, shi kuma ya ce musu a'a, don ba zai so sunan ɗan amininsa ya shiga bakin kasuwa ba, uban yana kabari. Wallahi da ya zage ni, ko ya ɗauki igiyar ya zabga mini, da na fi samun sauƙi.

Na ce ya faɗi abin da yake so in yi. Na yi tsammanin zai ce a bar wa Allah, kamar yadda dattawa suke cewa, in tashi da sauƙin zuciya. Sai ya ajiye igiyar.

Ya ce, "Na yafe maka tsakanina da kai. Amma a kasuwa ka faɗa, a kasuwa za ka gyara. Ka zo da motar nan mai magana, ka ce ba ni ba ne."

Na ce in sha Allahu kasuwa mai zuwa.

Maigida ya ce in ba haukacewa na yi ba, ina na taɓa jin hukuma ta hau mota tana ba talaka haƙuri? Ya ce ana shirin sake buga fostar, kuma sunana yana cikin waɗanda za a tura kwas na ƙaro ilimi a Kano, in ina so in zubar da abincina da hannuna, ga hanya nan. Mota dai ba za ta fita ba. Na ce a raina ba komai, ai ina da baki.

Ranar kasuwa na hau babur ni kaɗai na tafi Gwaram. Na jingine shi a gindin kukar nan. Ragowar fostar tana jikinta har lokacin, rana ta cinye koren, jan layin ne kawai bai koɗe ba. Kasuwa ta cika maƙil. Can gefe, kusa da masu sayar da tabarmi, na hango Baba zaune da igiyoyinsa. Ya sa farar riga wankakkiya, irin wadda yake zuwa Juma'a da ita, kuma ya zo da manyan 'ya'yansa biyu, suna zaune a bayansa. Ya gan ni. Ya ɗan gyara zama.

Na tsaya a kan saiwar kukar, na gyara murya. Ban taɓa yi wa kasuwa magana ba sai daga saman mota, da makirfo a hannu da hukuma a bayana. A ƙasa kuwa fuskoki ne daidai da tawa, mahauta da wuƙaƙensu, da matan da suka rasa shanu, kuma abin da zan gaya musu shi ne na yi musu ƙarya da mutumin da ya ciyar da ni. Wani ya wuce ya ce ranka ya daɗe, Malam, yau ba mota? Na ce masa yau cefane na zo. Na taka zuwa wurin mai albasa na sayi kashi biyu, na ɗaure a bayan babur. Ban bi ta gaban masu tabarmi ba, ta bayan rumfar mahauta na tura babur ɗin, sai da na fita kasuwa na tayar da shi. Na ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa na ce bayan kwas.

Ina Kano, shekara ta zagayo, na haɗu da tsohon direbanmu a tasha. Muka gaisa, ya ba ni labarin gida, wane ya yi aure, wane ya tafi Makka. Har ya juya sai ya dawo ya ce af, ya manta, tsohon nan na Dingaya ya rasu. Na ce wane tsoho, ko da yake na sani. Ya lalubi sunan bai samu ba, ya ce, "Kai, mai korar ruwan nan mana, na jikin fostarka."

Akwai mutane a tsaye kusa da mu suna jiran mota, suna jinmu. Na ce Allah ya jiƙansa. Direban ya ce amin, ya tafi.